Yadda ake lissafin abin da aikin 'yan sanda ke ci a Damagaram, mataki-mataki

Tambayar nan ta sha zuwa mini. Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar André Salifou sun yi ta, ma'aikatan gidajen rediyo sun yi ta, har wani dattijo daga cikin 'yan Kasuwar Dole ya tsayar da ni bayan la'asar ya ce, "Malam, wai tsaron kasuwar nan nawa yake ci a shekara?" Kowa lamba ɗaya yake so. Lambar tana samuwa, amma ba a kwance take cikin takarda guda ba. Harhaɗa ta ake yi kamar kuɗin biki: uba ya kawo nasa, dangin uwa sun kawo nasu, maƙwabta sun yi gudummawa, kuma wanda ya ƙirga aljihu ɗaya kaɗai zai ce bikin ya yi araha.

Zan bi da kai kan misalin kwamisariya guda mai jami'ai 40. Duk lambobin misalin nawa ne, na tsara su don koyon lissafi, ba na wata kwamisariya ta gaske ba ne. In ka samu naka, ka cire nawa ka zuba su.

Kayan aiki ba su da yawa: kaye babba mai layi, bik kala biyu, waya mai kalkuleta, da kwamfuta in da hali. Excel ya isa, LibreOffice Calc kuma kyauta ne. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne fotokofi da kabu-kabu, abin da zai ci maka rai kuma shi ne jira a bakin ofis. Ka ware wata biyu.

1. Shata iyaka

Kafin ka taɓa lamba ko ɗaya, ka rubuta amsar tambayoyi uku a shafin farko na kayenka: waɗanne jami'ai, wane yanki, wace shekara.

A bakin mutane duk mai kaki ɗan sanda ne, amma a takardar kuɗi ba haka ba ne. 'Yan sandan ƙasa da jami'an Garde Nationale suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Jandarmomi suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasa. 'Yan sandan gari kuwa na ma'aikatar magajin gari ne. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Haka yanki: birnin Damagaram gunduma biyar ne, to ko dai ka ɗauki birnin duka, ko ka ɗauki yankin da kwamisariya ɗaya ke kula da shi. Ga mai farawa, kwamisariya ɗaya ta fi. Shekarar kuɗi a Nijar daga Janairu take zuwa Disamba, kuma shekarar da ta ƙare za ka ɗauka, wadda aka rufe lissafinta.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauko kuɗin ma'aikatar cikin gida kacokan ya ce na 'yan sanda ne. A cikin kuɗin nan akwai gwamnoni, akwai shugabannin gundumomi, akwai Garde Nationale, akwai wasu ayyukan da ba ruwansu da ɗan sanda.

2. Nemi izini a rubuce

Wannan ba matakin tsallakewa ba ne, balle a halin tsaron da ƙasa ke ciki. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga daraktan 'yan sandan jiha, ka faɗi ko kai wane ne, me kake nema, me za ka yi da shi. Ɗalibi ya haɗa da takardar makarantarsa, ɗan jarida ya haɗa da ta gidan da yake wa aiki. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa a aljihu duk inda za ka. Akwai dokar 2011 mai lamba 2011-22 da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma, kana iya ambatonta a wasiƙar, amma ita kanta ta keɓe abin da ya shafi sirrin tsaro, don haka in an ce maka wannan ba a bayarwa, ka wuce.

Hattara: kada ka ɗauki hoton kwamisariya, kada ka tsaya a bakin titi kana ƙirga motocin sintiri, kada ka tambayi yawan makamai ko harsasai. Lissafinka zai tsaya ba tare da su ba. In an ƙi ba ka yawan jami'ai daidai, ka roƙi a ba ka kimanin adadi, ka rubuta cewa kimantawa ce.

3. Gano aljihu huɗu

Aljihu na farko shi ne baitulmalin ƙasa, kuma shi ne babba. Albashi daga Yamai yake fitowa, shi ya sa kwamisar da kansa zai iya gaya maka kuɗin mai da na takarda amma bai taɓa riƙe jimlar albashin yaransa a matsayin kasafinsa ba. Ka nemi dokar kasafin kuɗi ta shekarar, wadda ake kira loi de finances. Tun 2018 Nijar ke tsara kasafinta bisa shirye-shirye, don haka za ka ga kuɗin kowace ma'aikatar minista a rarrabe, kuma kowane kashi yana da babi: babi na 2 albashi, na 3 kaya da hidima, na 4 tallafi, na 5 manyan ayyuka irin gini da sayen motoci.

Na biyu shi ne ma'aikatar magajin gari, wadda tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 kantoma ke riƙe da ita. A nan za ka tambayi takardar rufe lissafin shekara, compte administratif, ka duba ko an saya wa jami'ai mai, ko an gyara musu mota, ko an ba su wurin zama. Na uku kyautar masu tallafi ce. Tawagar Turai ta EUCAP Sahel, alal misali, ta yi aiki da 'yan sandan Nijar daga 2012, tana ba da horo da kayan aiki, har gwamnati ta soke yarjejeniyar a Disamban 2023. Na huɗu aljihun talaka ne, kuma zan dawo kansa.

Hattara: kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, wanda aka saki daban, wanda aka biya daban. Kasafi alkawari ne. Ka nemi rahoton aiwatarwa, ka kuma duba ko an yi wa kasafin kwaskwarima a tsakiyar shekara, domin ana yawan yi. Da jan bik ka rubuta abin da aka ƙudurta, da shuɗi ka rubuta abin da aka kashe, kuma shuɗin kaɗai zai shiga jimla.

4. Albashi da duk abin da ke manne da shi

Kada ka nemi takardar albashin wani mutum, ba huruminka ba ne. Abin da kake buƙata shi ne yawan jami'ai bisa muƙami, da matsakaicin abin da kowane muƙami ke ɗauka. Ka haɗa da alawus na gida da na haɗari da sauran ƙarin da ake biya kowane wata, da kason da gwamnati ke zubawa don ritaya. Mutane kan manta da wannan kason saboda ba ya shiga hannun jami'i, alhali gwamnati ta biya shi.

A misalinmu, mu ce komai da komai jami'i ɗaya yana cin sefa 150,000 a wata. Sau 12, miliyan 1.8 ke nan a shekara. Sau 40, miliyan 72. Kaki da takalmi, mu sa 50,000 ga kowa, miliyan 2.

Wanda aka tura wani gari aiki na wata shida, rabin mutum za ka ƙirga shi. Wanda sunansa ke kwamisariyar amma kullum yana gadin ƙofar wani ofis, ka ƙirga shi, ka yi masa alama, za mu neme shi a mataki na 8.

5. Mota, mai, gini

A nan na taɓa faɗawa rami. A wani aikin lissafi da na yi wa wata ƙungiya, na zuba kuɗin sabbin motoci biyu gaba ɗaya cikin shekarar da aka saye su, sai lissafin ya nuna wai kuɗin aiki ya yi tsalle a shekarar nan, ya kuma faɗo ƙasa a mai bi mata. Wani tsohon akawu ne ya duba ya yi dariya ya ce, "Ɗana, rigar sallah ba rana ɗaya ake cinye ta ba." Mota ana raba kuɗinta ne bisa shekarun da za ta yi tana aiki.

To mu ce akwai mota biyu, kowace miliyan 25, za ta yi shekara 5: miliyan 5 kowace, miliyan 10 a shekara. Babur shida, kowane 600,000, shekara 3: miliyan 1.2. Kada ka kwafi shekarun daga littafi. Ka tambayi makanikin da ke gyara su, domin motar da ke shiga lungunan Birni da duwatsun Kara-Kara, ta kuma sha rairayin hanyar ƙauye, ba ta kai shekarun motar ofis.

Mai kuwa, ka bi littafin mota da takardun bon, wato takardun shan mai. Mu ce kowace mota lita 15 ta gazuwal a yini, a kan 600: miliyan 6.57 su biyun a shekara. Babura lita biyu-biyu ta esansi a kan 500: miliyan 2.19. Ka yi amfani da farashin gidan mai na shekarar da kake bincike, kada ka ɗauki na kwalba a bakin titi. Gyara da taya, miliyan 3. Wutar NIGELEC, ruwa, waya, takarda da tawada, 300,000 a wata, miliyan 3.6. A garin nan kada ka manta da ruwan da ake saye a hannun 'yan garuwa lokacin bazara in famfo ya ƙafe, ba ya fitowa a takardar kamfanin ruwa amma wani ya biya.

Gini in na haya ne, ka sa kuɗin haya. In na gwamnati ne, ka tambayi nawa ake hayar irinsa a unguwar, ka sa wannan. Mu ce 200,000 a wata, miliyan 2.4.

Hattara: motar kyauta ma ana sa mata farashi, daidai da wadda aka saya. Ranar da ta mutu dole wani ya saye madadinta, kuma in mai kyautar ya tafi, baitulmali ne zai ji a jikinsa.

Jimlarmu zuwa nan: miliyan 102.96.

6. Kason na sama

Kwamisariya ba ita ke horar da jami'anta ba, makarantar 'yan sanda ta Yamai ke yi. Akwai kuma babban ofishin 'yan sanda na ƙasa da na jiha da ke yi mata hidima. In ka samu kuɗinsu, ka raba bisa yawan jami'ai. In ba ka samu ba, ka ɗora wani kaso ka faɗa a fili cewa zato ne. Ni a misalin nan na ɗora 10 cikin 100, jimla ta zama kimanin miliyan 113.26.

Ka dubi abin da ya fito: albashi kaɗai ya kusa kashi biyu cikin uku. Hayaniyar mutane kullum a kan mai da mota take, amma kuɗin yana jikin mutum ne, wato yana cikin lokacinsa.

7. Mai da kuɗin zuwa awa

Wannan shi ne cibiyar aikin, kuma in ka gane shi sauran wasa ne.

Shekara tana da awa 8,760, wato 24 sau 365. Jami'i ɗaya ba ya aiki awa 8,760. Yana barci, yana hutun shekara, yana rashin lafiya, ana tura shi horo, yana zuwa jana'iza da suna kamar kowa. Ka roƙi a nuna maka jadawalin aiki na wata biyu ko uku, ko da an rufe sunaye, ka ƙirga awoyin da mutum ɗaya ke yi a zahiri. Mu ce 1,800 a shekara. To raba 8,760 da 1,800, za ka samu kusan 5. Ma'ana, duk inda ka ga ɗan sanda ɗaya tsaye dare da rana ba yankewa, mutum biyar ne ke riƙe da wurin. In biyu ne a ƙofar, goma ke nan. Lokacin da na yi wa dattijon kasuwa wannan bayani, shiru ya yi, sannan ya ce ashe shi ya sa in sun roƙi a ƙara musu mutum biyu ake ta jan ƙafa.

Yanzu jami'ai 40 sau awa 1,800, awa 72,000. Raba miliyan 113.26 da 72,000, awa ɗaya ta ɗan sanda tana cin kimanin sefa 1,573, da motarsa da mansa da rufin da ke kansa. Da wannan lamba kana iya sa wa kowane aiki farashi. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko ranar kokowa a filin Langa-Langa, in aka fito da jami'ai 30 na awa 8, awa 240 ke nan, kimanin sefa 377,500 a yini.

Hattara ta farko: in jadawalin ya nuna ana kwana ana wuni a bakin aiki har mutum yana yin awa 2,500 ko fiye, farashin awa zai sauko, sai ka ga kamar aikin ya yi araha. Arahar nan daga jikin jami'in aka cire ta. Ka rubuta haka a rahotonka.

Hattara ta biyu: kada ka ce da ba a yi kokowar ba da an adana 377,500. Albashi ko an fita ko ba a fita ba sai an biya. Tsabar da ta ƙaru ranar ita ce ta mai da abinci da ruwan sha. Sauran kuwa awoyi ne da aka ɗebo daga sintirin Zango ko Garin Malam aka kai fili. Lambobi biyu ne, ka ba da su duka, ka faɗi wace ce wace.

8. Ina awoyin ke tafiya

Ka raba aikin gida-gida: sintiri, gadin gine-gine, kula da zirga-zirga a titi, binciken ƙara, aikin tebur irin katin ɗan ƙasa da takardar ɓatan kaya, sai tsaron taruka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zauna da mai tsara jadawali ku bi mako huɗu, amma ku warwatsa su cikin shekara: ɗaya cikin azumi, ɗaya da damina, ɗaya bayan kaka lokacin da kuɗi ke yawo a kasuwa, ɗaya cikin bazara. Mako huɗu a jere hoton wata ɗaya kawai zai ba ka.

Mu ce ya fito haka: sintiri 30 cikin 100, gadi 25, titi 15, bincike 15, tebur 10, taruka 5. Gadin nan awa 18,000 ne, sama da miliyan 28, kuma in ka duba da kyau mazaunin mutum ɗaya-ɗaya guda biyu ne kacal dare da rana. Bincike kuwa awa 10,800, kimanin miliyan 17. A ganina wannan layi biyu su ne suka fi cancantar a yi magana a kansu a kowane rahoto, domin a nan ne mai yanke shawara ke da zaɓi na gaske. Ba zai iya rage albashi ba, amma yana iya tambayar ko kowace ƙofa da ake gadi tana buƙatar ɗan sanda mai horo, ko maigadi ya isa.

9. Raba, amma ka san da me kake rabawa

Kuɗin kowane mutum: jimla a raba da yawan mazauna yankin. In 80,000 ne, sefa 1,416 ke nan a shekara. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Damagaram mutum sama da 320,000, amma garin ya faɗaɗa sosai tun lokacin, don haka ka nemi hasashen hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, na shekarar da kake aiki a kai. Ka kuma tuna cewa yankin da ke da kasuwa ko tasha yana cika da rana da mutanen Mirriya da Magariya da Matamaye waɗanda ba nan suke kwana ba. Kuɗinsa bisa kan mazauna zai yi kamar ya fi na kowa tsada.

Kuɗin kowace ƙara: awoyin bincike a raba da yawan ƙararrakin da ke cikin babban littafin kwamisariya, wanda suke kira main courante. In 600 ne, kowace ta ci awa 18, kimanin sefa 28,300. Ka ware satar waya daga kisan kai in littafin ya ba da dama, domin haɗa su kamar haɗa farashin kaza da na raƙumi ne a fitar da matsakaici.

Hattara: kada ka auna kyawun aiki da yawan kamu. Unguwar da sintiri ya yi kyau har ɓarayi suka ƙaurace mata za ta nuna kamu kaɗan, kuma kowane kamu zai fito da tsada. Sannan rigingimu da yawa a garin nan ba sa kaiwa kwamisariya, a gaban mai unguwa ko liman ko fada ake kashe su. Ƙarancin ƙara yana iya nufin zaman lafiya, yana kuma iya nufin mutane sun daina kai kuka. Ka haɗa da wasu ma'aunai: minti nawa ake ɗauka daga kiran lamba 17 zuwa isowa, ƙara nawa ta kai gaban mai shari'a, kaya nawa aka mayar wa masu su.

Kuɗin tara kuma kada ka cire shi daga jimla. Baitulmali yake shiga, ka ba shi nasa layin daban.

10. Aljihun talaka

Ka zaɓi mutum 30 zuwa 50 da suka taɓa kai ƙara ko neman takarda a shekarar, maza da mata, daga unguwanni dabam-dabam. Ka tambaye su sau nawa suka je, nawa suka biya kabu-kabu, nawa na tambur da fotokofi, wuni nawa suka rufe shago. 'Yan kasuwa kuma ka tambaye su abin da suke biyan maigadi da karo-karon 'yan banga, domin shi ma kuɗin tsaro ne, an dai biya shi ta wata ƙofa.

Hattara: mutanenmu da dala suke lissafi. In tsohuwa ta ce maka ta kashe ɗari biyar, sefa 2,500 take nufi. Jika ita ce sefa 1,000. Duk lambar da aka faɗa maka ka sake tambaya, "Inna, dala ko sefa?" Na ga kundin ɗalibi da duk teburinsa ya ragu sau biyar saboda wannan.

In wani ya ce ya ba da na goro ba resi, ka rubuta a shafi daban a matsayin abin da aka faɗa maka, ba suna, ba kwatancen jami'i. Kada ka cusa shi cikin jimlar da ka gina da takardu.

11. Kwatanta shekaru, sannan ka rubuta

In za ka jera shekara biyu ko uku, ka cire tsadar rayuwa tukuna. INS na fitar da ma'aunin farashin kaya kowane wata. In kuɗi ya ƙaru da 5 cikin 100 alhali farashi ya hau da 8, abin da kwamisariyar ke iya saye raguwa ya yi.

Kafin ka rubuta, ka jijjiga zatonka. Mai da awa 1,800 zuwa 2,200, mai da shekarun mota daga 5 zuwa 3, mai da kason na sama daga 10 zuwa 20, ka ga yadda jimla ke motsi. Sannan ka ba da ƙasa da sama, ka ce tsakanin kaza da kaza. A gefen kowace lamba ka sa harafi: T in daga takarda take, B in da baki aka faɗa maka, Z in zatonka ne. Shafi biyu da tebur ɗaya sun isa.

Kafin ya fita rediyo ko ya je gaban malaman jami'a, ka kai wa kwamisar ko ofishin da ya ba ka izini kwafi, ka ce, "Ranka ya daɗe, a duba mini ko akwai lambar da na yi kuskure, ko abin da bai kamata ya fita ba." Ka ba su mako guda. In sun gyara lamba da hujja, ka karɓa ka canza harafinta daga Z zuwa T.